Mai Jan Samari Shi Ma Sai An Koya Masa

Babu garin da ba shi da samari. Ku duba Kabo da Garo da Godiya da Gude. Ku duba Gwarzo da Getso da Lakwaya. Ko'ina akwai ƙungiyar ƙwallo, ko ta taimakon kai da kai, ko 'yan sikawut, ko 'yan agaji. Kowace ƙungiya kuwa tana da mai jan ta. A kan wannan mutum za mu yi magana yau.

Yaya muke zaɓensa? Mukan duba mu ga wane yana da kirki, yana da baki, yara suna jin maganarsa. Sai mu ce ya riƙe su. Mu sakar masa 'ya'yanmu 30 ko 40, mu koma gona. Ba mu cika tambaya ba, shin wa ya koya masa wannan aiki?

Ba ma ba mutum mota ya ja sai ya koyi tuƙi. Ba ma kai garma wurin wanda bai taɓa zama a maƙera ba. To, 'ya'yanmu sun fi mota tsada, sun fi garma. Kirki abu ne mai kyau, amma kirki kaɗai ba ya tsai da jini in yaro ya yanke. Mai jan samari shi ma sai an koya masa. Ba sau ɗaya ba kuwa, a kai a kai.

Yadda Aka Yi A Da

A ƙasar Hausa tun da can akwai Sarkin Samari. Shi ke tara samari in za a yi gayya. Shi ke tsai da doka a dandali, ya raba faɗa, ya shirya kalankuwa bayan kaka. In samari suka yi ɓarna, shi mai unguwa ko dagaci zai kira.

Sarkin Samari bai shiga aji ba, amma kada ku ce ba a koya masa ba. Ya daɗe yana bin na gabansa. Ya ga yadda ake raba kuyya ran gayya. Ya ga yadda ake yi wa mai taurin kai magana har ya sauko. Watau ya yi shekaru yana koyo kafin a naɗa shi.

Yau aikin ya ƙaru. Akwai kuɗin ƙungiya. Akwai takardu da sa hannu. Akwai tafiya cikin mota zuwa wasa a wani gari. Akwai ƙwayoyi masu ɓata hankalin yara. Akwai kuma masu neman samari lokacin zaɓe don su sa su rigima. Bin na gaba kaɗai bai isa ya koya wa mutum duk wannan ba.

Yadda Wasu Suka Yi

Wani Baturen soja mai suna Baden-Powell shi ya fara sikawut a Ingila cikin 1907. Ya fara da yara kamar 20. Nan da nan abin ya bazu cikin duniya, ya iso Nijeriya a 1915. Da yara suka yi yawa, sai aka ga masu jan su da dama ba su san aikin ba. Saboda haka a 1919 aka buɗe wuri musamman kusa da Landan, ana kiransa Gilwell, don koyar da shugabanni. A can ana raba manya ƙungiya ƙungiya kamar yara. Su kafa tanti da kansu, su dafa abincinsu, su bi umurnin ɗan'uwansu. Dalili kuwa shi ne, wanda bai taɓa bi ba, ba ya iya ja.

A 1951 wani Bature, Alec Dickson, ya buɗe makarantar koyon shugabanci a bakin teku, a wani wuri da ake kira Man O' War Bay. Wurin yana Kamaru ta Kudu, wadda a lokacin ake mulkinta tare da Nijeriya. Ana aika malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e daga ko'ina, har daga Arewa. Ana koya musu iyo. Suna hawan dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya fi mita 4,000. Suna shiga ƙauyuka su yi aikin gayya da hannunsu. Akawu mai farar riga ya ɗauki diga tare da manomi. Bayan Kamaru ta Kudu ta rabu da Nijeriya a 1961, makarantar ta ci gaba a cikin Nijeriya. Tana da reshe a duwatsun Shere, kusa da Jos. Daga nan 'yan Man O' War da muke gani da kaki suka samo sunansu.

Ga kuma misali a ƙofar gidanmu. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa aikin bautar ƙasa. Waɗanda suka gama jami'a sukan yi wa ƙasa aiki shekara guda. Sansaninsu na Jihar Kano yana Kusalla, a ƙasar Ƙaraye, maƙwabtanmu. Ba a tura su aiki sai sun yi mako 3 a sansanin ana horar da su. To, jama'a, ku duba. Wanda ya gama jami'a ma sai an ƙara masa horo. Ina ga wanda muka ɗauko jiya muka ba shi yaran unguwa?

Ko wannan aji namu haka yake. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, akan yi wa malamin aji kwas kafin ya fara, sa'an nan oganeza ya riƙa zagayawa yana duba aikinsa. A 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano don wannan aiki ya ɗore. Ashe mai koyarwa ma ɗalibi ne.

Abubuwa Biyar Da Zai Koya

Na ɗaya, rubutu da rajista. Lalle ya sami littafi mai sunan kowane yaro, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu. In za a fita gari, ya kira suna kafin a tashi. In za a dawo, ya sake kira. Wanda bai ƙirga yara da safe ba, ba zai san an rasa ɗaya da yamma ba.

Na biyu, lissafin kuɗi. Sau da yawa kuɗi ne ke kashe ƙungiya, ko da ba wanda ya ci. Mantuwa kaɗai ta isa ta jawo zargi. A sami littafi, shafi ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita. Kada shugaba ya zama shi ne ma'aji. Kada a fitar da kuɗi sai mutum 2 sun sa hannu. A karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen wata. Wannan ba rashin yarda ba ne. Kare mutuncin shugaba ne.

Na uku, taimakon gaggawa, watau abin da za a yi wa mutum kafin a kai shi asibiti. In yaro ya yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. In ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi kamar minti 20, kada a shafa mai ko ƙwai. In maciji ya sare shi, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana ƙafar ko hannun motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti maza. In gudawa ta kama shi, a sami ruwa mai tsabta lita 1, watau ruwan leda 2. A zuba sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a dama, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. In ya faɗa kududdufi ko dam, wanda bai koyi ceto ba kada ya bi shi ciki, don mai nutsewa yakan riƙe mai ceto su tafi tare. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarka wadda ba kome a ciki, a rufe da murfinta. Amma ku sani, karanta wannan a littafi bai isa ba. Sai an gwada da hannu a gaban wanda ya iya.

Na huɗu, riƙon amana. Yaran mutane ne. Shugaba ba ya dukansu, ba ya zaginsu a gaban 'yan'uwansu, ba ya aikensu aikin gidansa. Ba ya keɓewa da yaro ɗaya inda ba mai ganinsu. 'Yan mata kuwa mace ce za ta riƙe su, ita ma a koya mata kamar yadda aka koya wa namiji. Ya kamata kuma shugaba ya gane alamun yaron da ya fara shaye-shaye, kamar yawan barci da rana, da saurin fushi, da sake abokai. Ya yi masa magana cikin sirri, sa'an nan ya sami iyayensa. Korar yaro daga ƙungiya ba ta raba shi da ƙwaya. Ƙara tura shi take yi wurin masu sayarwa.

Na biyar, iya cewa a'a. Wannan shi ne mafi wuya. Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin ruwa ya tashi daga Badau za shi Bagwai, a dam ɗin Watari. Yana ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Jirgin ya kife, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara. Allah ya ji ƙansu. Hukuma ta ce lodi ya yi wa jirgin yawa. Ba mu kawo wannan don ɗora wa kowa laifi ba. Mun kawo shi ne don duk mai fita da yara ya tuna. In mota ta cika, a tsaya a yi sawu biyu. In dare ya yi, a kwana. In mai kuɗi ya zo neman samari don su tare hanya ko su tarwatsa taron wasu, a ba shi haƙuri ya tafi. Yara za su yi gunaguni, amma za su koma gida lafiya.

Sau Ɗaya Bai Isa Ba

Lauje kome kaifinsa, in ba a wasa shi dakushewa yake yi. Haka sani yake. Wanda aka koya wa ɗaurin rauni bara, in bai sake yi ba, bana hannunsa rawa zai yi. Har wa yau sani yakan sake. A da ana cewa a ɗaure saran maciji tamau, yanzu likitoci sun gane wannan yana iya kashe ƙafa. Wanda ya tsaya a kan karatun da, sai ya cuci yaro alhali yana nufin alheri. Don haka ake yin bita, watau a koma a maimaita, a kuma ji abin da ya sabunta. Gemu ba ya hana ilimi.

Ina Za A Sami Wannan Horo?

Ba sai an je Jos ba. A fara da abin da ke kusa. Malamin asibiti na garinku yana iya ba da awa 2 ran da ba kasuwa ya nuna taimakon gaggawa. Ƙungiyar Red Cross ma tana koyar da shi. Malamin makaranta yana iya nuna yadda ake riƙe rajista da littafin kuɗi. Malamin gona yana iya koya wa shugaba abin da zai koya wa samari manoma. A ofishin ƙaramar hukuma, a Kabo ko a Gwarzo, a nemi sashen da ke kula da ƙungiyoyi, a rubuta sunan ƙungiya, don in kwas ya taso a san da ita.

Akwai kuma hanyar da ba ta cin ko kwabo. Shugabannin ƙauyuka 4 ko 5 su riƙa haɗuwa wata wata. Wannan wata a Garo, wata mai zuwa a Kanwa, na bayansa a Durun. Kowa ya faɗi abin da ya gagare shi, 'yan'uwa su ba shi shawara. Matambayi ba ya ɓata.

Namu Aikin

Mu iyaye muna da abu uku a wuyanmu. Da fari, in an ce a aiko mutum kwas, mu aika wanda ke yin aikin. Kada mu duba ɗan wane ne, kada kuma mu mai da kwas hanyar cin kuɗin guzuri. Na biyu, in ya tafi, mu taimaka masa da kuɗin mota, samari su kama masa gonarsa. Na uku, in ya dawo, kada ya rataye takardar shaida a ɗaki ya yi shiru. Ya tara mutane ya koyar da abin da ya samo. Lalle ya horar da mataimaki, don wata rana zai tafi cin rani, ko ya yi aure hidima ta yi masa yawa. Ƙungiyar da mutum ɗaya kaɗai ya san aikinta, ran da ya tashi ta mutu.

Ku da kuke wannan aji, kun riga kun kama hanya. Wanda ya iya rubuta sunansa zai iya rubuta sunayen yara 30. Wanda ya iya tarawa da ɗebewa zai iya duba littafin ma'aji. In kun koma gida yau, ku sami mai jan 'ya'yanku. Ku yi masa godiya, don aikinsa ba albashi. Sa'an nan ku tambaye shi abin da yake so a koya masa, ku taru ku nemo mai koyarwa.

Tambayoyi

1. Yaya Sarkin Samari ya koyi aikinsa a da?
2. Mako nawa masu bautar ƙasa suke yi a Kusalla kafin a tura su aiki?
3. Me ya sa ba a so shugaba ya zama shi ne ma'aji?
4. In yaro ya faɗa kududdufi, me za ka yi? Me ba za ka yi ba?
5. Rubuta sunayen ƙungiyoyin samari da ke garinku. Wanne daga cikin shugabanninsu ya taɓa zuwa kwas?