Ɗan Dogon Daji da Karatun Ilimin Zamantakewa

A Dogon Daji, kamar sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, idan yaro ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, abin da dattawa ke fara tambaya shi ne, "Likita zai zama ko lauya?" In aka ce ilimin zamantakewa zai karanta, sai fuska ta ɗan sauya. Wani ma ya ce, "Ashe zama da mutane sai an je jami'a ake koyonsa?"

Zama da mutane kam a gida ake koyonsa. Abin da jami'a ke koyarwa shi ne binciken dalilin da ya sa jama'a ke yin abin da suke yi, da hujja a hannu, ba da jita-jitar majalisa ba.

Mu ɗauki cin rani. Kowa ya san da an kammala aikin kaka samari kan cika motoci su nufi Kurmi. Ɗalibin wannan fanni ba zai tsaya nan ba. 'Ya'yan wane gida ke tafiya? Mai fadamar noman albasa yana barin gari kamar wanda ba shi da ita? Idan yaro ya dawo da kuɗin kansa, har ya iya yin aure ba tare da jiran rumbun uba ba, me zai faru da gandu, kuma maganar wa za a ji a gidan? Tambayoyin ba sababbi ba ne. Tun shekarun 1950 Mansell Prothero ya yi nazarin masu fita cin rani daga Lardin Sakkwato. A 1969 kuma Abner Cohen ya fitar da littafi kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda ya nuna yadda masu gida da dillalai suka riƙe cinikin goro da shanu ta hanyar amana da zumuncin ɗariƙar Tijjaniyya. Abin takaici, jikokin waɗanda aka yi rubutun a kansu ba kasafai suke sanin an yi ba.

Karatun shekara huɗu ne. A aji za a ci karo da Auguste Comte da Durkheim na Faransa, da Marx da Weber na Jamus. Malamin kirki ba zai tsallake Ibn Khaldun ba, wanda tun 1377 ya yi bayani a Muƙaddima kan yadda haɗin kan dangi ke kafa mulki, jin daɗi kuma ya rushe shi. Wanda ya shigo don gudun lissafi ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, domin akwai ƙididdiga, kuma a shekarar ƙarshe dole ya fita cikin jama'a ya yi bincike na kansa.

Batun aiki fa? Gaskiya babu kujerar da ke jiran mai wannan digiri kamar yadda asibiti ke jiran likita. Wasu kan shiga ma'aikatar jin daɗin jama'a, ko Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko gidajen gyaran hali, ko ƙungiyoyin agaji. Wasu su koma koyarwa. Amma a tuna da rikicin rigakafin shan inna na 2003. Maganin yana nan, abin da aka rasa yardar iyaye ce. Sai da aka jawo sarakuna da malamai, Sarkin Musulmi a kan gaba, kafin a kai ga 2020, lokacin da aka tabbatar an kawar da nau'in cutar na asali daga Nijeriya. Gano wanda jama'a ke jin maganarsa, da dalilin da ya sa suke ji, aikin wannan ilimi ne. Haka rigimar burtali tsakanin manomi da makiyayi: ba a fahimtar ta ba tare da sanin matsayin arɗo da hakimi ba.

A ganina 'yan mata sun fi kowa dama a nan. Namiji mai bincike iyakarsa zaure, mace kuwa tana shiga har ɗaka ta ji yadda ake zubin adashi da ramuwar biki. Ta haka Mary Smith ta rubuta tarihin Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya.