Dillalin babur da takardun ciniki a Gaya da Ajingi

Da zarar an kai amfanin gona gida a ƙasar Gaya da Ajingi, kasuwar babur na hannu takan buɗe. Wanda ya sayar da gyaɗa ko riɗi yana neman abin hawa, wanda zai aurar da 'ya ko zai biya bashin taki yana neman rabuwa da nasa. Tsakaninsu akwai dillali, mutumin da ba shi da shago ba shi da jari, sai sanin jama'a da kaifin ido da wayar da ba ta hutawa. Babur ne ya fi yawa a hannunsa, Boxer da Jincheng da ire-irensu, domin shi ke ratsa hanyoyin Kademi da Shagogo, ko na Toranke da Balare, inda mota ke shan wuya da damina. Haramcin acaɓa da gwamnatin Kano ta yi a Janairun 2013 a birni da kewaye ya fi aiki. A ƙauye babur bai daina ɗaukar mutum da buhu ba. Akwai kuma dillalan mota, masu harkar Golf da Sharon da motar Kanta mai kai kaya kasuwar Wudil ranar Juma'a.

Tsarin cinikin tsoho ne. Mai saye ya yi tayi, mai kaya ya ce albarka, dillali ya ja wannan gefe ya raɗa masa, ya koma ya lallashi wancan, har a kai ga sallama. A ba da kafin alƙalami idan kuɗin bai cika ba, a kira shaidu, a yi addu'a, dillali ya karɓi la'adarsa. A kara ta Wudil ma haka ake sayar da sa, kuma dillalin shanu ya san cewa idan sa ya fito na sata, shi za a fara nema. Bambancin kawai shi ne abin hawa yana da suna a rubuce a wani ofis, kuma sunan nan ba ya sauyawa don an ce an sallama.

Gwanin dillali kafin ya saurari ƙarar inji yakan durƙusa. Zai sa tsumma da ɗan fetur ya goge wuyan babur, inda aka buga lambar shasi, sannan ya goge gefen inji. Zai haska fitilar waya ko da rana ce, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya yana karantawa, wani yana duba rasit. Daga nan ya shafa wurin da ɗan yatsa. Ƙarfen da aka goge da injin gurza aka sake bugawa yakan yi ɗan kwari, lambobin kuma ba sa tsayawa a layi ɗaya kamar bugun kamfani. Fenti sabo a wuyan tsohon babur abin tambaya ne. Idan mai babur ya ce ya taɓa sauya inji a kasuwar Kofar Ruwa, sai dillali ya ce ina rasit ɗin injin. Wannan ilimi ba a makaranta ake samunsa ba. Yaro yakan fara da wanke babura da tura su inuwa, yana kallon maigidansa shekara da shekaru, kafin a yarda ya buɗe baki a ciniki.

Inda sana'ar ke da rauni shi ne abin da ke biyo bayan la'ada. Babur yakan wuce hannu huɗu ko biyar yana tafe da rasit ɗin mutumin farko da ya ciro shi daga kwali a Kano. Kowane sabon ciniki sai a yago takarda daga littafin ɗan makaranta, a rubuta da boko ko da ajami cewa wane ya sayar wa wane, a sa hannu ko a dangwala yatsa. Takardun suna taruwa a leda a ƙarƙashin kujera, ruwa da zufa suna cin su. A wurin mutanen gari ciniki ya halatta, kuma gaskiya ne ya halatta. A wurin hukuma kuwa, idan babur ɗin ya taɓa yin rajista, har yanzu na mutumin farko ne.

Illar tana faɗawa kan kowa. Mai saye, ranar da aka tsayar da shi a shinge a hanyar Dutse ko ta Kano, ba shi da abin da zai nuna mai ɗauke da sunansa. Idan aka sace masa babur, rahoton da zai kai wa 'yan sanda rahoto ne kan kayan wani. Mai sayarwa kuma yana gida hankali kwance, sai a yi haɗari ko a aikata laifi da motar da ya rabu da ita tun shekaru uku, a bi lamba a iske sunansa da adireshinsa. Sai kuma gado: magada su tashi rabon dukiya su tarar motar mahaifinsu tana ɗauke da sunan baƙon da ba wanda ya san inda yake. Na fi jin tausayin ɗan acaɓan ƙauye, wanda babur ɗin nan shi ne gonarsa ta rani, kuma kwana biyu a hannun hukuma na nufin gidansa ba cefane.

Saboda haka ne wani reshe na sana'ar ya fito, wato mai yin takardu. Wani lokaci dillalin ne da kansa, wani lokaci wani ne daban da ya san hanyar ofis. Aikinsa ya haɗa abin da ake buƙata don canjin suna: yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da ta rajista, da sa hannun mai sayarwa da mai saye da shaidu, takardar rantsuwa daga kotu, rahoton 'yan sanda cewa ba a neman abin hawan, tsofaffin takardu na asali, wato shaidar mallaka da takardar ba da lamba da lasin abin hawa, hotuna da katin shaida. Idan mota ce da aka shigo da ita, sai an ga takardar kwastan. Wannan ta ƙarshe ba abin wasa ba ce, domin tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma mota 'yar Kwatano da ta biyo ta bayan gida tana iya shekara goma tana yawo kafin wata rana kwastan su riƙe ta a hannun wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Da an haɗa komai sai a kai ofishin lasin da ke ƙarƙashin hukumar tara haraji ta jiha, KIRS, jami'an VIO su duba lafiyar abin hawa, a fitar da sababbin takardu da sunan mai saye. Yana iya riƙe tsohuwar lamba, yana iya neman sabuwa.

Lambar ita ma tana da abin karantawa. A tsarin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta kawo a 2011, haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukuma: GYA ta Gaya, AJG ta Ajingi. Shuɗin rubutu na mai zaman kansa ne, ja na haya, kore na gwamnati. Wanda ya sayi Golf mai shuɗiyar lamba don ya sa ta lodi a tasha yana da sauran aiki a gabansa, kuma dillalin kirki zai faɗa masa tun kafin ya ƙirga kuɗi.

Sai inshora. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna daga Naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, babur kuma 3,000, sannan daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta ta a faɗin ƙasa. A nan ne baragurbin masu yin takardu suka fi cutar mutane. Su karɓi kuɗi cikakke, su buga takarda mai kyan gani a shagon kwamfuta, ba tare da wani kamfani ya san da ita ba. Mai mota ba zai gane ba sai ranar da ya buge wani. Alhali ana iya duba inshora ta waya a rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, ana kuma iya duba lamba a shafin FRSC. Mai yin takardu na gaskiya yakan yi wannan a gaban mai kaya, ya juya masa wayar ya ga sunansa da idonsa.

Mutane ba don rashin hankali suke gudun canjin suna ba. Manomin Gafasa ko Kunkurawa yana lissafin kuɗin mota, da yinin da zai ɓata, da kuɗin da ba wanda ya gaya masa iyakarsa, sai ya ga takardar littafin makaranta ta fi masa sauƙi. Wasu kuma suna jin kunyar neman rantsuwar kotu daga maƙwabci ko suruki, kamar an ce ba a yarda da shi ba. Wannan kunya ba ta da gurbi, domin aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, kuma tsakanin Musulmi masu amana aka saukar da ita.

A ganina gyaran yana hannu biyu. Dillalai su mayar da canjin suna cikin ciniki: a yi maganar kuɗinsa tun wurin tayi, a san wanda zai biya, kada a cika la'ada sai takarda ta fito da sunan mai saye, mai sayarwa kuma ya tafi gida da kwafinsa. Shugabannin dillalai da masu unguwanni da dagatai suna da ikon da za su sa wannan ya zama al'ada, tunda rigimar idan ta tashi ƙofar gidansu take fara zuwa. Hukumar haraji kuma ta liƙa farashin kowace takarda da Hausa inda kowa zai gani, ta riƙa turo jami'anta da na VIO kasuwannin Gaya da Ajingi ranar da suke ci, musamman daga kaka zuwa tsakiyar rani lokacin da babura suka fi sauya hannu, a duba lamba a karɓi takardu a nan take.