Hankali Ke Gani: Darasin Makin Basira a Wasan Ƙwallon Kwando na Waya

A hutun da ya wuce, kusan kullum bayan sallar la'asar nakan tarar da ɗan ƙanwata a dakalin ƙofar gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya, ya duƙufa a kan waya yana ta tsaki. Na ɗauka hira ce irin ta 'yan zamani, ashe wai koci ya zama. Yana riƙe da ƙungiyar ƙwallon kwando a wani wasan intanet mai suna Basketball GM. A wannan wasa ba kai ke jefa ƙwallo ba. Aikinka shi ne ka ɗauki 'yan wasa, ka yi musayarsu, ka tsara waɗanda za su shiga fili, sannan kwamfuta ta buga wasan ta fito da sakamako. Kakar wasa uku ke nan a jere ana lallasa shi.

"Kawu, duba ka gani," in ji shi. "Duk dogaye na tara, masu gudu da tsalle, amma ko'ina muka je sai an ci mu."

Na karɓi wayar na duba. Kowane ɗan wasa yana da jerin maki daga 0 zuwa 100: tsawo, ƙarfi, gudu, tsalle, juriya, iya jifa da sauransu. A cikinsu akwai biyu da yaron bai taɓa kula da su ba, wato basirar kai hari da basirar tsaron gida. A nan ne duk dogayen nasa suka yi ƙasa warwas.

To, ina tasirin waɗannan maki? Basira ba ta jefa ƙwallo a kwando da kanta, shi ya sa sabon shiga yake raina ta. Amma ita ke yanke hukuncin ko sauran baiwar za ta yi amfani. A ƙwallon kwando na manya, daƙiƙa 24 kacal ake ba ƙungiya ta kai hari. A cikin wannan ɗan lokaci ɗan wasa zai zaɓa: ya jefa, ko ya miƙa wa wanda ya fi shi sarari? Idan kuma ana tsaron gida, yaushe zai saki wanda yake gadi ya kai wa ɗan'uwansa ɗauki? Mai ƙarancin basira yakan yi jifan da bai dace ba, ya zubar da ƙwallo, ya tara laifuffuka. A lissafin da wannan wasa ke yi na darajar ɗan wasa gaba ɗaya, makin basirar nan biyu suna cikin mafi nauyi tare da tsawo, sun kuwa fi tsalle nauyi nesa ba kusa ba. Haka kuma gudu da tsalle sukan zube idan shekaru suka doshi talatin, basira kuwa takan daɗe tare da mai ita.

Wani wasan mai suna Hoops Dynasty, wanda ake horar da ƙungiyoyin jami'o'in Amurka a cikinsa, ya fi burge ni a wannan fanni. A can basira ba maki ɗaya ba ce. Kowane salon kai hari ko na tsaro yana da nasa matsayin, daga F zuwa A, kuma ba ya hawa sai da atisaye. Sabon ɗalibi yakan zo da ɗan kaɗan, ya yi ta ƙaruwa shekara bayan shekara. Kocin da ya faye sauya salo don an ci shi wasa biyu, shi ke mayar da yaransa baya. Ke nan makin basirar yaro shaida ce a kan haƙurin malaminsa.

Sai dai akwai inda waya ke yaudarar mu. A cikin wasa an rubuta basira ƙarara, kowa yana gani. A fili na gaske kuwa ana auna tsawo da igiyar awo, a auna gudu da agogo, amma hankali ba shi da ma'auni sai idon mai lura. Ko ƙwararrun gasar NBA ta Amurka sukan yi tuntuɓe a nan. A shekarar 2014 sai da aka ɗauki mutum 40 kafin Denver Nuggets ta ɗauki Nikola Jokic ɗan ƙasar Sabiya, wanda ba shi da gudu ko tsallen a zo a gani. Mutumin nan ya zama gwarzon gasar a 2021 da 2022 da 2024, don yana ganin fili fiye da kowa. Fred VanVleet kuwa, gajere ne a ma'aunin wannan wasa, kuma a zaɓen 2016 babu ƙungiyar da ta kira sunansa cikin mutum 60. Toronto Raptors ta ɗauke shi daga baya, ya kuma taka rawa sosai a kofin da ta ci a 2019.

Wa ke shugabancin Raptors a lokacin? Masai Ujiri, wanda a nan Zariya ya tashi, a nan kuma ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13. Ya samu tarbiyyar wasa a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan da ake kira OBJ, wanda ya shafe shekaru aru-aru yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai taɓa buga wasa a NBA ba. Da aikin farautar 'yan wasa ya shiga, har ya zama gwarzon shugabannin ƙungiyoyi a 2013. Jarinsa shi ne ido mai gane abin da takardar awo ba ta nunawa.

Ina cikin ba yaron wannan labari sai ya sunkuyar da kai. Ashe shi ma ya daina zuwa fili tun bara, saboda wani mai horarwa ya dube shi sau ɗaya ya ce tsawonsa bai kai ba. Sai ya dawo waya, yana yi wa 'yan wasansa irin hukuncin da aka yi masa. Wannan ne ya sosa mini rai, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Yara nawa ne daga Tudun Wada zuwa Kongo, daga Sabon Gari zuwa Samaru, muka sallama da kallo ɗaya, a filin wasa ko a aji, don makin da ya fi saurin gani bai cika ba?

Ba na cewa tsawo ba shi da amfani. Kwandon yana sama da ƙasa da ƙafa goma, dogo kuwa ya fi kusa da shi. Abin da nake cewa ga malamai da masu horarwa da iyaye shi ne, tsawo kyauta ce da ba mu da hannu a cikinta, basira kuwa shuka ce da ke hannunmu, kuma tana son lokaci. Magabata sun ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Yaron ya sauya dogayensa biyu da tsofaffin 'yan wasa masu basira, ƙungiyarsa ta fara farfaɗowa. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ranar Asabar da ta wuce, da na ga ya wanke takalminsa ya shanya a kan katanga.