Ƙera Ƙaramin Jirgin Yaƙi: Wasan da Ke Koyar da Awo da Haƙuri

Yaranmu ba baƙi ba ne wajen ƙera mota da karan dawa ko gwangwanin madara. Akwai wani reshe na wannan fasaha da ya kamata iyaye da malaman Suleja su sani, wato harhaɗa ƙaramin jirgin saman yaƙi mai bin awon jirgin gaske daidai wa daida.

Kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan suna sayar da sassan jirgin na roba a cikin kwali, tare da takardar bayani. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1:72 ko 1:48. Abin da 1:72 ke nufi shi ne, duk santimita 72 na jirgin gaske ya koma santimita ɗaya. Ɗauki Alpha Jet, wanda Faransa da Jamus suka ƙera tare, Rundunar Sojin Sama ta Najeriya kuma ta fara karɓarsa a farkon shekarun 1980, tana da sansaninsa a Kainji, nan jihar Neja. Faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 9, amma a wannan awo bai kai santimita 13 ba.

Aikin yana da tsari. Ana yanke kowane sashe da reza, a goge bakinsa da sanfefa mai laushi, a gwada shi a gurbinsa tun ba a sa gam ba. Gam ɗin wannan roba narkar da ita yake yi har ɓangarorin su haɗe, don haka ɗigo kaɗan ya wadatar. Mazaunin matuƙi ake fara yi wa fenti, domin da zarar an rufe gangar jikin, buroshi ba zai sake isa ciki ba. Kafin a rufe, ana saka ɗan ƙarfe a hanci, in ba haka ba jirgin zai iya kifewa ta wutsiya. Kada a liƙa murfin gilashin matuƙi da sufa gulu, tururinsa yana dusar da shi.

Wajen fenti ne gaggawa ke ɓata aiki. Shafi mai ruwa-ruwa sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya, wanda ke binne zanen jikin jirgin. A lokacin hunturu a kifa kwali a kansa har ya bushe, saboda ƙura. Tamburan da ke cikin kwalin ana jiƙa su ne a ruwa, kuma sun fi kwanciya a kan fenti mai sheƙi. A yi aikin inda iska ke shiga, babba kuma ya riƙe wa ƙaramin yaro reza.

Kayan nan daga waje suke zuwa, kuma suna da tsada. Wanda bai samu ba, kwali da rula da hoton jirgi sun ishe shi: ya raba kowane tsawo na jirgin gaske da 72, ya zana, ya yanke. Lissafin da yake gudu a aji ya shigo hannunsa ke nan.

Suleja, garin da Ladi Kwali ta yi suna da tukwanenta, har hotonta ya hau takardar Naira 20, bai kamata ya raina aikin hannu ba. Iyaye, idan kun ga yaro ya duƙufa kan ƙere-ƙere, ku saya masa rula. Malamai kuma su ba wannan aiki gurbi a darasin fasaha.