Yatsan da Ya Jira Layin Tiyata

Injin markaɗe ya kama hannun yaro, an garzaya da shi asibiti, an wanke an ɗinke fata. Ciwo ya warke sarai, amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa. Irin wannan ba baƙon labari ba ne a garuruwanmu, kuma sau da yawa jinkiri ne ya jawo shi.

Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa kamar igiyar guga take. Tsokar da ke jan ta tana can sama da wuyan hannu, don haka da ta tsinke sai bakinta ya zame ya koma ciki. A kwanakin farko likita zai iya jawo shi ya ɗinke. Bayan mako uku ko huɗu tsokar ta ƙanƙance, sai dai dashen jijiya, wani lokaci ma aiki biyu. Shi ya sa ƙungiyar likitocin hannu ta Birtaniya ta ƙayyade a yi aikin irin wannan rauni cikin kwana 4.

To me ke hana a yi shi da wuri? Ɗakin tiyata ɗaya, mai sa barci ɗaya, ga mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, ga waɗanda mota ta kife da su. Su za a fara ɗauka, kuma daidai ne. Mai yatsa sai a yi ta ɗaga shi, yana wuni da yunwa a banza.

Wani likita ɗan Kanada, Donald Lalonde, ya yaɗa hanyar da ta kauce wa wannan layi. Ana yi wa hannun allurar lidokain haɗe da adirenalin, ɗaya ta kashe zafi, ɗaya ta tsuke jijiyoyin jini. A da ana tsoron adirenalin zai kashe yatsa. Binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 a kan aiki 3,110 bai sami yatsa ko ɗaya da ya mutu ba. Majinyaci idonsa biyu, har a ce masa ya dunƙule hannu a ga ko ɗinkin ya riƙe kafin a rufe fata. Ƙaramin ɗaki mai tsabta ya isa.

Ina ganin mu ne muka fi kowa buƙatar wannan. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ba zai ɗauke hannun kowane kafinta da mahauci na Arewa ba. A horar da likitocin manyan asibitocin jihohi, a ware musu ɗaki da rana ɗaya a mako, a kuma tanadi mai gashin ƙashi, domin ɗinki ba motsa jiki yakan manne cikin makonnin farko.