Dallol Mauri: Tsuntsaye na sauka a tafkunan Arewa daidai lokacin da matasa ke tafiya cin rani

Da zarar an gama yankan gero a ƙasar Arewa, wajen watan Oktoba, sai tashoshin mota na Dogondutsi da Tibiri su cika da samari masu haramar tafiya cin rani, wasu Yamai, wasu Sakkwato, Legas ko Kwatano. A daidai wannan lokaci ne wasu baƙi ke sauka a bakin tafkunan yankin, wato tsuntsayen ruwa da suka ƙetaro hamadar Sahara daga Turai. Shi ya sa ɗan cin rani kan yi shekaru bai ga tafkin garinsu a lokacin da ya fi armashi ba.

Tafkunan suna cikin Dallol Mauri, tsohon kwarin kogi da ya ratsa gundumomin biyu daga arewa zuwa kudu, ya nufi kogin Kwara a yankin Gaya. Kogin ya daina gudana tun dubban shekaru, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai yi nisa ba, kuma duk damina koramu na gangarowa daga tuddai su cika fadamu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Tapkin Saw da ke gefen garin Dogondutsi.

Kowane lokaci da baƙinsa

Shekarar tsuntsaye na farawa ne da shamuwa. Tana isowa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, manoma kuma su fara gyara gonaki. Ba a cika taɓa ta ba, ga shi tana rage fara da tsutsa a gona. Idan ruwa ya ɗauke sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Ita ma 'yar cin rani ce, takan dawo gida tare da masu noma.

Daga Yuni zuwa Satumba ake samun kusan dukan ruwan shekara. Tafkuna kan tumbatsa, kwaɗi su cika dare da kuka, sai dai kallon tsuntsaye na da wuya, domin ruwa na ko'ina, sun warwatsu, hanyoyin ƙauye kuma sun ɓaci.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu. Ƙananan kududdufai sun ƙafe, tsuntsaye sun taru a 'yan tafkunan da suka rage. A nan ake ganin kirinjijiya garke-garke, da ɗinya, da zalɓe tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, da balbela a bayan shanu. Cikinsu akwai ƙananan agwagin daji da masu dogon baki da ke kiwo a taɓo, waɗanda suka guje wa sanyin Turai da Rasha. Mai sa'a na iya cin karo da gauraka, wadda yawanta ya ragu sosai a Afirka ta Yamma. Da sassafe ko bayan la'asar aka fi ganinsu, sai dai ranar da hazo ya yi kauri.

A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Baƙin sun koma, ƙasan tafki ya tsattsage. Duk da haka akwai mai rai a ciki: gaiwa kan binne kanta a taɓo, tana shaƙar iska, ta yi watanni a haka har ruwa ya sake sauka.

Ruwa ɗaya, mabuƙata da yawa

Duniya ta san darajar wannan kwari. A shekarar 2004 aka sanya Dallol Mauri, musamman ɓangarensa na kudu mai dazukan giginya da goriba, cikin jerin muhimman dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. A shekarar aka sanya maƙwabcinsa Dallol Bosso, inda raƙuman dawa na Kure ke gangarawa da rani don cin ganyen gawo.

Sai dai suna a takarda ba ya tsare tafki. Idan aka sare itatuwan kan tudu, ruwan sama kan kwaso yashi ya zuba a fadama, tafki ya rage zurfi, ya ƙafe da wuri. Asarar ba ta tsaya kan tsuntsaye ba. Da ruwan nan mai lambu ke ban ruwan albasa da kabeji, makiyayi ke shayar da dabbobinsa, masunci ke kama tarwaɗa. Tafkin da ya ƙafe a Disamba maimakon Maris na nufin noman rani ya gajarta, ƙarin matasa kuma su kama hanya.

Maganin sananne ne a Nijar: jera duwatsu a kan gangare, haƙa ramukan rabin wata don tare ruwa, da barin 'ya'yan itace su girma a gona. Aiki ne na rani, lokacin da ƙauyuka suka fi ƙarancin majiya ƙarfi, kuma a nan gudummawar mazauna waje za ta yi tasiri.

Mai niyyar zuwa kallo ya fara tambayar halin tsaro na yankin da zai shiga, ya nemi rakiyar ɗan gari, ya bar gwafa da tarko a gida. Ranar 2 ga Fabrairu ce ranar dausayi ta duniya, kuma takan riski baƙin tsuntsayen kafin su juya arewa.