2.3 Ƙaurar Masana Kwamfuta Daga Indiya Zuwa Amurka

Wannan fasali zai dubi yadda wata ƙasa kan horar da ma'aikata, wata kuma ta ci moriyarsu. Indiya ta buɗe cibiyar fasaha ta IIT ta farko a Kharagpur a shekarar 1951. Da Amurka ta fito da bizar aiki ta H-1B a 1990, mai gurabu 65,000 a shekara, sai ɗimbin masana kwamfuta na Indiya suka nufi can. Bunƙasar intanet ta ƙara buƙatarsu, har a 1998 aka ɗaga adadin zuwa 115,000. Kamfanoni irin su Infosys sun rage wannan asara ta hanyar karɓo kwangilolin waje, ana aikinsu a Bangalore. Ashe ke nan horarwa kaɗai ba ta wadatar ba, sai an tanadi aikin da zai riƙe ma'aikaci a gida.